Yabon Masana ko Kuɗin Ƙofa: Da Wane Mudu Ake Auna Fim?

Idan masana suka ce fim ya haɗu, amma jama'a ba su kalle shi ba, wa ya yi kuskure? Idan kuma jama'a suka yi cincirindo a kan wani fim har mai shi ya kwashi dukiya, masana kuwa suka yatsine fuska, wa ke da gaskiya?

Wannan tambaya ta taso mana a nan Sakkwato a ƙarshen 2024, lokacin da labari ya bazu cewa Najeriya ta zaɓi fim ɗin Hausa mai suna Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura, don ya wakilce ta a gasar Oscar. A daidai wannan shekarar kuma sunan jaruma kuma furodusa Funke Akindele ne ya cika jaridu. Fim ɗinta A Tribe Called Judah ya zama fim ɗin Najeriya na farko da ya tara sama da naira biliyan 1 a gidajen sinima, a watan Janairu, sannan a Disamba ta saki Everybody Loves Jenifa, wanda ya zo ya zarce shi.

A majalisar da nake zama bayan sallar Isha'i a Mabera, wani matashi mai sana'ar tura fina-finai a waya ya ce mini: "Malam, ni kullum mutane na zuwa shagona, ba wanda yat taɓa ce min in tura mai wanga fim. Izzar So da Labarina aka tambaya. In da gaske shi na da kyawo, ina mutanen da sunka kalle shi?" Wani ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke gefensa ya ce masa yawan jama'a ai ba hujja ba ne. Aka yi ta ja har aka watse.

Dukansu biyu sun faɗi gaskiya, sai dai kowa da mudun da yake awo da shi. Abin da ba wanda ya faɗa a daren, wanda kuma shi ya fi damu na, shi ne duka mudun biyu ba don mu aka sassaƙa su ba.

Me ake nufi da kuɗin ƙofa?

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon dambe ko kokawa ya san kuɗin ƙofa. To shi ne abin da ake nufi idan aka ce fim kaza ya kafa tarihi a kasuwa: jimillar kuɗin tikitin da mutane suka biya a ƙofar sinima. Ba ya haɗawa da abin da fim ya samu a talabijin, ko a YouTube, ko a Netflix, balle wanda aka tura ta waya.

Akwai abubuwa da mutane ke yawan kuskurewa a nan. Na farko, kuɗin ƙofa ba riba ba ce. Kusan rabinsa yana tsayawa a hannun masu gidan sinima, gwamnati ta ɗauki haraji, kamfanin da ya rarraba fim ɗin ya ɗauki kasonsa, sannan a cire kuɗin talla. Abin da ya rage shi ne na furodusa, kuma daga ciki zai fitar da jarinsa. Shi ya sa a Amurka ake cewa sai fim ya tara ninki biyu ko fiye na abin da aka kashe masa kafin a fara maganar uwar kuɗi ta dawo.

Na biyu, adadin kuɗi ba adadin mutane ba ne. Idan tikiti ya yi tsada, jimilla na hawa ko da masu kallo sun ragu. The Wedding Party na 2016 ya tara kimanin naira miliyan 450, a lokacin da dala ke kusan naira 305 a farashin gwamnati. A Tribe Called Judah ya tara kimanin naira biliyan 1.4, a lokacin da dala ta haura naira 1,000. A naira, kamar ninki uku ne. Ka mayar da su dala ka ga tazarar ta kusa ɓacewa. Wannan ba ya rage wa Funke Akindele komai, domin fitar da mutum daga gidansa ya biya kuɗin mota da na tikiti a cikin wannan tsadar rayuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Amma ya kamata mai karanta kanun labari ya san abin da lambar ke faɗa da abin da ba ta faɗa.

Na uku, kuma mafi muhimmanci a gare mu: kuɗin ƙofa na ƙirga wanda ke da ƙofar da zai shiga ne kawai. Gidajen siniman da ƙungiyar masu sinima ta ƙasa ke tattara lissafinsu akasarinsu suna Legas da sauran biranen Kudu da Abuja. Matar aure a Runjin Sambo da ta kalli fim sau uku a wayarta, da ɗan kabu-kabu a Arkilla da ya haddace maganganun jarumin, babu su a wannan lissafi ko da sisin kwabo.

Su wane ne masu yabon?

Idan aka ce "fim ɗin da masana suka yaba", ba jama'a ɗaya ake nufi ba. Akwai masu sharhi a jaridu da mujallu, waɗanda aikinsu shi ne kallon fim su rubuta ra'ayi. Akwai alƙalan bukukuwan fina-finai, irin na birnin Cannes a Faransa, inda mutum tara ko makamancin haka ke zama su yanke wa ya ci babbar kyauta. Akwai kuma masu kaɗa ƙuri'ar Oscar, kimanin mutum dubu 10, waɗanda su ba 'yan jarida ba ne, 'yan sana'ar ne da kansu: daraktoci, jarumai, masu ɗaukar hoto, masu tace hoto da sauti. A Afirka muna da bikin fina-finai na FESPACO da ake yi a Wagadugu tun 1969, da gasannin ba da kyautar fim na AMAA da AMVCA.

Abin da waɗannan mutane ke dubawa shi ne abin da malamanmu na sashen Hausa ke kira tarke. Yaya aka gina labarin? Shin abin da ya faru a ƙarshe ya fito ne daga abin da aka shuka a farko, ko kuwa marubuci ya rasa mafita ne ya kashe mugun da haɗarin mota? Jarumar ta shiga rigar wadda take wakilta, ko kanta take nunawa? Ina aka ajiye kyamara, kuma don me? Haske da sauti sun taimaki labarin? Sannan babbar tambayarsu: mun taɓa ganin wannan?

Su ma fa ba mala'iku ba ne. Gasar Oscar tana da kamfe kamar na siyasa, kamfanoni na kashe miliyoyin daloli don masu ƙuri'a su kalli fim ɗinsu. Tana kuma da dokokin da ba su da alaƙa da kyau ko muni. A 2019 an cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga rukunin fina-finan ƙasashen waje saboda Ingilishi ya yi yawa a cikinsa, alhali dokar rukunin ta ce fiye da rabin maganar ya kasance da wani harshe. Wannan doka na daga cikin abin da ke ba fim ɗin Hausa ko Yarabanci ko Ibo dama a wannan rukuni. Don haka zaɓen fim ya wakilci ƙasa shaida ce ta inganci a idon kwamitin da ya zaɓa, amma ba ƙuri'ar jama'a ba ce, kuma ba cin gasar ba ne. Mai Martaba bai shiga jerin fina-finai 15 da suka tsallake zagayen farko ba.

Me ya sa mudun biyu ke saɓawa?

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na watan Maris 2010. Avatar na James Cameron ya tara sama da dala biliyan 2.7, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin. The Hurt Locker na Kathryn Bigelow, labarin sojojin da ke kwance bama-bamai a Iraƙi, ya tara kimanin dala miliyan 49 a duk duniya. Wancan ya ninka wannan fiye da sau 50. Amma da aka zo Oscar, ƙaramin ne ya ɗauki kyautar gwarzon fim, ya tashi da kyauta 6, Avatar ya tashi da 3. Irin wannan tazara ta damu masu gasar har a Agustan 2018 suka sanar da sabon rukuni na "fim mai farin jini". Suka sha suka daga ko'ina, bayan wata guda suka jingine maganar.

Dalili na farko na saɓanin shi ne bambancin yunwa. Mai sharhi yana kallon ɗaruruwan fina-finai a shekara. Ya ga yarinyar da aka yi wa auren dole sau ɗari, ya ga kishiya mai zuwa wurin boka sau ɗari biyu. Abin da yake nema shi ne sabon abu. Mutumin da ya wuni a tsaye a Kasuwar Shehu Shagari cikin zafin watan Afrilu, ya dawo gida da sauran caji kaɗan a waya, ba sabon abu yake nema ba. Yana neman abin da ya tabbata zai ba shi dariya ko ya taɓa masa zuciya. Ba zai yi caca da awa biyun da ya samu ba. Ni ban ga aibin wannan ba ko kaɗan. Wanda ke cin tuwo don ya ƙoshi da wanda ke ɗanɗana miya don ya ba da maki, duka suna da hujja a kan kwanon.

Dalili na biyu shi ne kuɗi ke kiran kuɗi. Babban fim yana fita a dubban allo rana ɗaya, an cika gari da talla, an zaɓar masa lokacin hutu. A Najeriya lokacin nan shi ne Disamba, kuma ba banza ba ne manyan fina-finan Funke Akindele ke fita a wannan wata. Ƙaramin fim kuwa sai a ba shi 'yan ɗakuna kaɗan da tsakar rana, in bai yi ciniki a makon farko ba a sauke shi. Sau da yawa idan aka ce jama'a sun ƙi fim, gaskiyar ita ce ba a kai musu shi ba.

Dalili na uku yana cikin labarin da kansa. Fina-finan da ke cin kyauta sun fi son taɓo wurin da ke ciwo: yaƙi, talauci, zalunci, kuma ba lallai su ƙare da ɗaurin aure ba. Mami Wata na C.J. Obasi, wanda ya samu kyautar ɗaukar hoto a bikin Sundance a 2023, baƙi da fari aka yi shi da gangan. Mai kallon da ya saba da launi zai iya ɗauka wayarsa ce ta lalace.

Akwai kuma wata lamba da matasanmu ke yawan kafa hujja da ita ba tare da sanin ma'anarta ba, wato makin shafin Rotten Tomatoes. Idan aka ce fim ya samu kashi 90, ba ana nufin ya ci 9 bisa 10 ba ne. Ana nufin cikin masu sharhi 100, mutum 90 sun ce ba laifi. Fim mai matsakaicin kyau wanda bai ɓata wa kowa rai ba zai iya fin fim mai ƙarfi wanda ya raba kan mutane.

Alƙali na uku

Da a ce saɓanin nan doka ce, da magana ta ƙare. Amma Titanic na 1997 ya kafa tarihin ciniki, ya kuma ɗauki Oscar 11. Oppenheimer na 2023, awa uku ana maganar kimiyya da siyasa, ya tara sama da dala miliyan 900, ya ci Oscar 7. Ashe jama'a ba sa gudun fim mai nauyi idan an iya ba da labarin.

Kuma akwai alƙalin da ke zuwa daga baya ya warware hukuncin duka biyun, wato lokaci. The Shawshank Redemption na 1994 an kashe masa kimanin dala miliyan 25, ya tara kimanin miliyan 16 a fitarsa ta farko. An sa shi a takarar Oscar a rukuni 7, bai ci ko ɗaya ba. Kasuwa ta ƙi shi, gasa ta ƙi shi. Kaset ɗin haya da talabijin ne suka raya shi, har ya shafe shekaru yana kan gaba a jerin fina-finan da masu amfani da shafin IMDb suka fi ƙauna.

Mu da muka tashi da fina-finan Indiya muna da misalin da ya fi kusa. Sholay ya fita a 1975, masu sharhi da yawa suka kushe shi, makonnin farko ciniki ya yi sanyi. Sai baki ya ɗauka. Ya shafe sama da shekara biyar ana haska shi a sinima ɗaya a Bombay. A gasar Filmfare ta shekararsa kyauta ɗaya tak ya samu, ta tace hoto. A 2005 wannan gasar dai ta dawo ta ba shi lambar gwarzon fim na shekara 50. A nan jama'a ne suka riga masana gani. Ga kuma akasinsa: Kaagaz Ke Phool na Guru Dutt ya faɗi warwas a 1959, har mutumin bai sake sa sunansa a matsayin darakta ba kafin rasuwarsa a 1964. Yau ana koyar da fim ɗin a makarantu. A nan kuma kasuwa ce ta yi zalunci, kuma mai abin bai rayu ya ga sakayya ba.

Ba sai mun je Indiya ba ma. Ɗan Anace ya yi wa Shago waƙa ne don 'yan kallon dambe, a fili, cikin ƙura da ihu. Babu wanda ya zo filin da alƙalami. Yau ɗalibai na rubuta kundin digiri a kan waɗannan baitoci, kamar yadda suke yi a kan Bakandamiyar Narambaɗa da aka yi a fada. Haka littattafan soyayya na Kano: a shekarun 1990 an yi ta muhawara a jaridu, Ibrahim Malumfashi na sukar su, Abdalla Uba Adamu na kare su, aka laƙaba musu sunan adabin kasuwar Kano. Daga baya ɗaya daga cikinsu, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, aka fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Duk malamin da ke raina abin da talaka ke so, ya tuna da wannan.

Kannywood: lissafin da ba a rubuta ba

A nan ne maganar ta fi ɗaure kai, domin masana'antar fim ɗin Hausa ba a sinima aka haife ta ba. Kafin ta akwai fina-finan majigi irin su Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Fim ne mai daraja a wurin manazarta, amma matasa nawa ne a Sakkwato suka taɓa ganinsa? Abin da ya zama Kannywood ya fara ne da kaset, da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Sangaya na 1999 ya nuna wa 'yan kasuwa cewa soyayya da waƙar fiyano su ne ke sayar da kaset, sai kowa ya bi. Masana'antar ta rabu gida biyu a bakin 'yan fim: santimental, wato na soyayya, da camama, wato na barkwanci, inda marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi sarauta har rasuwarsa a Disambar 2014. Camama ita ce aka fi rainawa, kuma ita ce ta fi shiga ƙauyuka.

A wancan zamani mudun nasara shi ne kwafi nawa dila ya sayar a Kano, kuma wannan lissafi ne da ke cikin littafin ɗan kasuwa, ba a gaban jama'a ba. Da satar fasaha da tura fim ta waya suka kashe kasuwar faifai, sai aka koma ga fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Yanzu kuɗin ƙofarmu shi ne lambar da ke ƙarƙashin bidiyo: mutum nawa suka kalla.

Wannan sabon mudu yana da nasa tasiri a kan abin da ake ba mu. YouTube na biya ne gwargwadon talla, kuma kuɗin talla ga mai kallo a Najeriya kaɗan ne idan aka kwatanta da na Turai. Don haka furodusa na buƙatar yawa: fitowa kowane mako, zango bayan zango. Labarin da ya kamata ya ƙare a kashi 13 sai a ja shi kamar danƙo. Zaman falo ya yi yawa saboda shi ya fi arha. Ba rashin basira ba ne kawai, lissafin abinci ne. Kuma ko wannan lambar ba ta cika ba, domin mutum ɗaya ne ke saukewa da datarsa, ya tura wa mutum hamsin a shago. Matashin nan na majalisarmu ya fi YouTube sanin abin da Mabera ke kallo, amma saninsa ba ya kai wa furodusa ko kwabo.

Ɓangaren yabo fa? A nan ne nake ganin muna da babban giɓi. Muna da masu sukar fim da yawa, amma akasarin sukar ta tarbiyya ce: shigar jarumar, rawar da aka yi, ko an taɓa hannu. Wannan damuwa ce ta gaske ga al'ummar da ta ɗauki addini da kunya da muhimmanci, kuma tana da ƙarfin da har ta sa gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kano a 2016. Ba na cewa a daina ta. Amma fim zai iya tsallake duk wannan, kowa ya rufe jikinsa, a yi wa'azi a ƙarshe, ya kuma kasance fim maras gishiri: labari a warwatse, sauti na shiga yana fita, likita na riƙe da abin awo a juye. Wa ke faɗa wa darakta wannan da Hausa, a wurin da shi da masu kallonsa za su karanta? Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ta yi ƙoƙari, kuma akwai ɗaiɗaikun marubuta a Facebook. Jami'o'inmu kuwa na nazarin fina-finan, amma kundayen na ƙarewa ne a kan kanta.

Sakamakon haka, yabon da ke da nauyi daga waje yake zuwa. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka yi akasari da Hausa aka ɗauka a Taraba, labarin 'yan'uwa mata biyu da 'yan ta'adda suka afka wa ƙauyensu, ya ci kyauta 5 a AMAA ta 2020, har da ta gwarzon fim, Maryam Booth kuma ta ci ta mataimakiyar jaruma. Labari ne da mutanen Isa da Sabon Birni za su fi alƙalan kowace gasa gane zafinsa. Amma ka tambayi mutum goma a Ƙofar Atiku ko sun gan shi. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai: a yi fim da harshenmu, a kan ciwonmu, a yabe shi a wani wuri, mu kuwa sai dai mu ji labari.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu shan wannan. Oumarou Ganda ne ya fara ɗaukar babbar kyautar FESPACO a 1972 da fim ɗinsa Le Wazzou Polygame, kuma akwai cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai. Daga Sakkwato zuwa Ƙonni tafiyar 'yan awanni ce ta Illela, amma a kasuwannin ɓangarorin biyu Ali Nuhu da Adam A. Zango aka sani.

Hujjar kowane ɓangare

Masu kare kasuwa na cewa fim sana'a ce. Mai haske, mai kwalliya, direba, mai dafa abincin lokeshan, duk daga cinikin nan suke ci. Fim ɗin da ya ci kofi ya karya furodusa ya rufe ƙofar fim na gaba. Suna kuma cewa akwai girman kai a cikin tunanin cewa mutum tara a ɗaki sun fi miliyoyi sanin daɗi. Hujja ce mai ƙarfi, kuma Sholay na bayanta.

Masu kare yabon masana na cewa idan aka bar kasuwa ita kaɗai, abin da ya yi ciniki jiya shi za a maimaita gobe, har mutane su gundura su watse. Mun ga haka da idonmu: bayan Sangaya an yi shekaru ana juya labari ɗaya, kuma lokacin da fassarar fina-finan Indiya zuwa Hausa ta shigo, masu kallo da yawa suka koma can ba tare da waiwaye ba. Suna cewa kyaututtuka su ne ke ba mai sabon tunani numfashi. Moonlight, da aka yi da kimanin dala miliyan 1.5, ba don Oscar ta 2017 ba da mutane ƙalilan ne za su san shi. Parasite na Koriya ta Kudu, fim na farko da ba na Ingilishi ba da ya ci gwarzon fim a 2020, ya sa mutane da yawa da ba su saba karanta fassara a ƙasan allo ba sun zauna sun karanta.

Ni dai inda na fi karkata shi ne nan: ba na yarda da cewa mai kallon Hausa ba ya son inganci. Yadda mutane suka rungumi Labarina na Aminu Saira, suna muhawara a kan halayen 'yan wasan kamar maƙwabtansu ne, da yadda Daɗin Kowa ya samu karɓuwa a gidaje ya kuma ci kyautar AMVCA a 2016, sun nuna cewa idan aka kyautata rubutu jama'a na ganewa. Abin da mai kallonmu ba zai yi ba shi ne ya nemi fim ɗin da ba a kawo masa ba, a manhajar da ke neman katin banki da data mai yawa.

Abin da ya shafi mai kallo a Sakkwato

Mudun da masana'anta ta zaɓa shi ke yanke abin da 'ya'yanmu za su kalla. Idan lambar YouTube ce kaɗai alƙali, za mu ci gaba da samun dogon zango mai arha, da taken bidiyo mai tayar da hankali don a danna. Idan kuma idon masu basira ya koma ga gasar waje kaɗai, za a riƙa yin fim a kanmu ba don mu ba, a zaɓi labaran da baƙo ke son ji game da Arewa, wato bindiga da hawaye, a bar sauran rayuwarmu.

Akwai kuma batun wa ake ba labarinsa. Kasuwar fim ɗin Hausa na kallon Kano ne, don haka Sakkwatanci kan fito ne galibi a bakin ɗan ƙauye ko mai ban dariya. Garin da ya haifi daular da aka kafa bayan jihadin 1804, garin Nana Asma'u da 'yan taru, garin da ke da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu cike da rubuce-rubuce, bai rasa labarin da zai cika duka mudun biyu ba. Irin wannan fim na buƙatar jari mai yawa: dawaki, tufafi, gini, bincike. Mai jari kuwa ba ya saka kuɗi sai ya ga lissafi, kuma lissafin masu kallonmu ba a tattara shi ko'ina.

Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ne ke shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, mutumin da ya san kasuwar kaset, ya san ta YouTube, ya kuma san zauren gasa. Abin da zan so in ji daga wannan ofis, da kuma daga MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, shi ne hanyar da fim ɗin da ya ci kyauta zai iso gidan kallo na unguwa da tashar Rima da wayar talaka a farashin da zai iya, da kuma hanyar da masu tura fim za su shiga cikin tsari su riƙa biyan wani abu, a kuma riƙa ƙirga abin da suke turawa. Sashen Hausa na jami'armu ma zai iya fitar da tarken da ɗalibai ke yi daga kan kanta zuwa rediyo, minti goma sha biyar a mako, fim ɗaya, a faɗi inda ya yi kyau da inda ya gaza.

Bayan 'yan kwanaki na sake haɗuwa da matashin nan a shagonsa. Ya ce tun daren da aka yi gardamar mutum huɗu daga majalisar sun zo neman Mai Martaba, har da ɗalibin da ya kare shi, domin shi ma ashe bai gan shi ba tukuna. Ya ce musu ba ya da shi.